Fentin da Ido Ba Ya Gani: Daga Ƙyauren Kibiya Zuwa Fiffiken Jirgin Sama

Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya a ƙarshen damina, in ya rage gudu ya dubi ƙyamaren ƙarfe na sababbin gidaje da shaguna, zai yi ta ganin abu iri ɗaya. Daga sama ƙyauren yana nan da kyansa, baƙi ko shuɗi ko ruwan toka, har da adon furen da mai walda ya lanƙwasa masa. Daga ƙasa kuwa, kamar taƙi ɗaya sama da daɓe, fentin ya yi bororo. Ka sa farce ka danna, sai ya fashe, wani jan ruwa ya ziraro, ƙarfen da ke ciki ya fito ɓawo-ɓawo. Duk inda aka yi walda ma tsatsa ta ja layi tana gangarowa. Sau da yawa ƙyauren bai ga damina uku ba.

Mai gida zai ce fentin yanzu duk jabu ne. Mai fenti zai ce ruwan bana ne ya yi yawa. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya kashe ƙyauren shi ne abin da aka shafa, ko aka ƙi shafawa, tsakanin tsurar ƙarfe da fentin kalar da ake gani. Masu sana'a suna kiran wannan shafin farko furaima. Ba ya ƙyalli, ba ya burge kowa, kuma da zarar an rufe shi babu mai sake ganinsa. Shi ya sa duk lokacin da ciniki ya yi tsauri, shi ake fara cirewa daga lissafi.

Wannan yanki bai kamata ya yi wasa da tsatsa ba. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama. Ga madatsar Tiga nan maƙwabtaka, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga Ruwan Kanya, ga magudanan da ke kai ruwa gonakin Kadawa da Bunkure da Kura a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Noman rani ya sa ƙarfe ba ya hutawa da danshi ko da an ɗauke ruwa: ƙofofin magudana, injinan ban-ruwa, tirelar tarakta, injin casar shinkafa, amalanke, tankunan da aka ɗora a kan hasumiyar rijiyar burtsatse. Sannan ga takin zamani. Buhun yuriya da ya yoye a bayan akori-kura, ya sha raɓa, yana cin faranti fiye da yadda ruwan sama zalla zai ci. Manomin Rurum ko Saji ko Tarai da ya sayi injin da kuɗin amfanin shekara biyu, tsatsa ce take karɓar rabonta a hannunsa a hankali, ba tare da ya taɓa sa ta cikin lissafin asararsa ba. A duniya ma haka abin yake: wani bincike da ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta asarar da lalacewar ƙarafa ke jawowa a dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa.

Gwangwani biyu

Furaimar da aka fi sani a wajen masu walda ita ce jan fentin nan na mai, wanda ake shafawa da buroshi. Gwangwani ɗaya ce, a buɗe, a sirka da tina, wani ma da fetur ko kananzir, a shafa, iska ta busar. Ba banza ba ce. Ga tagar da ke cikin inuwa ko gadon ƙarfe na ɗaki, ta wadatar. Amma fatarta tana barin danshi ya ratsa a hankali, kuma idan aka fesa mata fentin mota mai ƙarfin tina a kai, takan yamutse ta tashi.

Furaimar ifoksi daban take. Gwangwani biyu ce: ɗaya ƙaron ne, ɗaya kuma hadina, wato mahaɗin da ke sa shi ya daskare. Ba bushewa kawai take yi ba. Da zarar an haɗa su, sinadaran biyu suna sarƙewa da juna su zama wani sabon abu mai tauri, wanda tina ba ta sake narkar da shi, ruwa kuma da ƙyar yake ratsa shi. Kowa a nan ya san danginta ko da bai san sunan ba. Gam ɗin nan na Araldite mai matsi biyu, wanda makanikai da masu gyaran rediyo suke cakuɗawa da tsinken ashana a kan ɓallen kwali, ifoksi ne. Wani masanin sinadarai na Suwizalan, Pierre Castan, shi ya gano hanyar haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930 yana neman abin yin haƙoran roba, wani Ba'amurke kuma mai suna Sylvan Greenlee ya kai ga irinsa yana aiki a kamfanin fenti. Kamfanin Ciba ya fito da Araldite kasuwa a 1946. Abin da ke sa wannan gam ya riƙe ƙarfe da ƙarfe, shi ne yake sa furaimar ta kama jikin mota.

Amfaninta biyu ne. Tana manne wa abin da ke ƙasa da ƙarfin da fentin mai ba ya kaiwa, kuma tana toshe hanyar ruwa da iska, waɗanda sai sun haɗu tsatsa take tashi. Amma tana da sharuɗɗa, kuma ba ta yafe wa wanda ya karya su.

Sharaɗin farko awo ne. Idan kamfani ya rubuta huɗu da ɗaya, huɗu da ɗaya ɗin ne. Idan biyu da ɗaya ne ko ɗaya da ɗaya, haka za a yi. A gareji da yawa da ido ake zubawa, kuma akwai imanin cewa ƙara hadina yana sa ta yi saurin bushewa ta ƙara ƙarfi. A ifoksi ba haka ba ne. Hadinar da ta yi rara ba ta samun abokin sarƙewa, sai ta zauna a cikin fatar tana jawo ruwa. Idan kuma ta gaza, fatar ba za ta taɓa yin tauri ba. Kofin awo mai layi ko gwangwanin madara guda da aka ware don wannan aikin ya isa ya raba gardama. Wasu nau'o'in suna son a bar haɗin ya zauna minti 15 zuwa 30 kafin a fesa. Bayan haka agogo ya fara aiki, domin haɗin yana da iyakar sa'o'in da zai yi amfani, zafi kuwa yana gaggauta shi. Ƙa'idar da masu sinadarai suka saba da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Takardar da ke jikin gwangwani yawanci a zafin digiri 20 zuwa 25 aka yi lissafinta. A Rano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 40 a inuwa, abin da aka rubuta zai yi awa takwas ba zai wuce biyu ko uku ba. Idan ya fara kauri a kofi, ƙara masa tina ba ya dawo da shi. Zai fita ta bakin bindigar fesawa, amma ba zai kama ba.

Abin da marina suka sani

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a rabon da tarihin baka ya yi wa garuruwan, ita da Kano aka ba sarautar baba, wato rini. Duk marini ya san ba a tsoma sabon ƙyalle a karofi da sitacinsa da maiƙonsa. Sai an wanke shi, in ba haka ba shuni ya kama nan ya bar can. To shi rini ma shiga cikin zare yake yi. Fenti ba ya shiga ƙarfe. A sama yake zama, abin da ke riƙe shi kawai tsabtar wurin da kaushinsa. Saboda haka mafi yawan aikin furaima ana yin sa ne tun ba a buɗe gwangwani ba.

Sabon faranti ko bututun da aka sauko da shi daga Ƙofar Ruwa yana zuwa da abu biyu: mai da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a hanya, da wani baƙin ɓawo mai sheƙi da ya samu tun daga wutar masana'anta. Wannan ɓawon yana yaudarar ido, ka ga kamar ƙarfen ne mai kyau. Ba ya daɗewa yake tsagewa ya rabu da ƙarfen, ya tafi da duk abin da aka shafa a kansa. A manyan ayyuka, irin ƙofofin madatsar ruwa da gadoji da tankunan mai, da iska mai ƙarfi da tsakuwar musamman ake kankare ƙarfe har ya yi fari, kuma akwai ma'aunin duniya na hakan, ISO 8501-1, inda matakin Sa 2½ shi ne aka fi nema. Mai walda a Kibiya ba shi da wannan injin, amma yana da garanda da buroshin waya da samfefa mai kaushi. Wanke mai da farko, sannan a kankare. Wanda ya fara da samfefa ya tura man cikin ƙarcen ke nan. A kakkaɓe ƙurar walda da ɗigon da ya fantsama, a rage kaifin gefuna, domin fenti yana gudun kaifi ya yi siriri a wurin. Sannan a shafa a ranar, kada ƙarfen ya kwana tsirara. Wurin da aka fi mantawa shi ne ƙasan ƙyauren da cikin bututunsa. Ƙaramin huji a ƙasan bututu, don ruwan da ya shiga ya sami mafita, yakan ƙara wa ƙyaure shekaru.

Ina ganin inda aka fi cutar mai mota shi ne wajen foti. Fanel bita ya buge lotsawar, ya goge, ya lafta foti kai tsaye a kan tsurar ƙarfe, a wasu wuraren ma a kan tsatsar da ba a gama cirewa ba, sannan a goge shi da ruwa. Foti yana shan ruwa. Danshin ya sauka ya kwanta a kan ƙarfen, fenti mai ƙyalli ya rufe shi, mota ta fita kamar sabuwa. Bayan damina ɗaya sai gefen taya ya fara kumbura. Hanyar da ta fi ita ce a fara rufe ƙarfen da ifoksi, a bar ta ta kama, a ɗora foti a kanta, a goge a bushe, a sake rufe shi da wata ifoksin. Aikin zai ƙara kwana ɗaya ko biyu. Mai motar haya da ke jigila tsakanin Rano da Kwanar Dangora ko Kano ba ya son jin wannan, don kowace rana a gareji asara ce. Amma ranar da zai dawo a yanke masa ruɓaɓɓen faranti ta fi wannan tsada.

Ƙarfe mai rufin tutiya, irin kwanon rufi da bututun ruwa da turakun fitilun sola, yana da nasa halin. Kowa ya taɓa ganin fentin mai yana saɓulewa daga jikinsa falle-falle. Dalili shi ne man da ke cikin fentin yana haɗuwa da tutiyar ya zama wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, sai riƙon ya kwance. Ifoksi ba ta da wannan matsalar, muddin an wanke an ɗan ƙarce saman ba tare da an cinye tutiyar ba. Alminiyam kuwa yana yi wa kansa sabuwar fata cikin ƙanƙanen lokaci bayan an goge shi, don haka ana gogewa ana shafawa, kuma ba a taɓa shi da buroshin da aka goge baƙin ƙarfe da shi. Faiba, irin wadda ake yin jikin wasu kwalekwale da rufin motoci da ita, tana karɓar ifoksi sosai. Siminti yana son kwana 28 kafin a rufe shi. Wanda ke shakkar daɓensa ya manna leda da salatif a bar ta ta kwana, in ya ga gumi a ƙarƙashi to da sauran lokaci. Akwai kuma inda ifoksi ba ta da tasiri: bambar roba ta motocin zamani da baƙin tankin ruwa na roba, waɗanda jikinsu ba ya yarda da ita sai da wani shafi na daban. Cikin tankin ruwan sha kuma ba kowace ifoksi ake shafa wa ba, sai wadda aka rubuta cewa don ruwan sha aka yi ta. Mai haɗin kwalta ba ta shiga nan ko kusa.

Sai yanayi. Da damina, ƙarfen da ya kwana a waje yana ɗauke da raɓar da ido ba ya gani. Ƙa'idar masu aikin ita ce jikin ƙarfe ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, kuma danshin iska kada ya wuce kashi 85. A aikace, a jira hantsi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a kewaye wurin da tamfol. Da bazara, farantin da ya sha rana yana busar da feshin tun bai kwanta ba. Abu na ƙarshe da ya kamata kowa ya riƙe: ifoksi ba ta jure rana. Idan aka bar ta a buɗe, samanta yana komawa gari kamar alli. Dole a rufe ta da fentin sama, kuma cikin kwanakin da kamfani ya ƙayyade. In sun wuce, sai an sake ƙarce ta kafin wani fenti ya kama.

Zaren kabon

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa mu da zaren kabon? Yawancin abin da samari ke kira kabon a jikin babura da motoci sitika ce mai zanen saƙa, leda ce kawai. Na gaskiyar wani abu ne daban. Zare ne baƙi wanda gashin kai ya ninka shi kauri kusan sau goma, ana gasa shi a wuta mai tsananin zafi har ya zama kusan kabon zalla, a saƙa shi kamar ƙyalle, a jiƙa da ƙaro, a matse a cikin mazubi har ya daskare. Ƙaron nan, a mafi yawan lokuta, ifoksi ne. Roger Bacon ya samar da zaren farko mai ƙarfi a Amurka a 1958, Akio Shindo ya gano hanyar da aka fi bi yanzu a Osaka ta Japan jim kaɗan bayan haka, masana a Farnborough ta Ingila suka inganta ta a 1963. A 1981 McLaren ta fito da motar tsere mai gangar jikin kabon. Yau rabin nauyin jikin Boeing 787 irin wannan haɗin ne, na Airbus A350 kuma kashi 53 cikin ɗari. Alhazanmu da masu zuwa Umara da fatauci suna shiga waɗannan jirage. Sunan Rano ma yana sama yanzu, tun da kamfanin Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano ya fara jigila a 2023 da jiragen Embraer 145, waɗanda yawancin jikinsu alminiyam ne. Koren shafin da ake gani a cikin ramin taya da sassan jirgi da ba a yi wa kala ba, furaima ce.

Kabon ba ya tsatsa. To me zai yi da furaima? Abu uku. Na ɗaya, ƙaron da ke riƙe zaren rana tana cinsa, ya yi rawaya ya fara gari, don haka dole a rufe shi, fentin kuwa yana bukatar abin kamawa. Na biyu, samansa cike yake da ƙananan huji kamar na bakin allura, waɗanda in ba a cike su ba za su fito a fentin sama kamar ƙuraje. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: kabon yana ɗaukar wutar lantarki, kuma idan ya taɓa alminiyam ko baƙin ƙarfe a wuri mai danshi, su biyun suna zama kamar batir. Kabon ba ya jin komai, ƙarfen ne yake narkewa da sauri. Shi ya sa masu ƙera jirage suke raba su da furaima da gam, wani lokaci da fallen faiba, suna kuma amfani da ƙusoshin titaniyam.

Shirya shi ya fi na ƙarfe bukatar taushin hannu. Yana fitowa daga mazubi da wani santsi da aka shafa don kada ya manne, wanda in ba a wanke shi ba babu fentin da zai zauna. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba ruwa mai tsabta; in ya shimfiɗu bai ɗaya wurin ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo da saura. Sannan a goge da samfefa mai laushi, a kashe sheƙin kawai. Da zarar ƙurar ta fara fitowa baƙa, an shiga zaren, kuma zaren da aka yanke ƙarfin abin ne aka rage. Ba a sa masa sinadarin cire fenti, domin yana cin ƙaron. Ƙurarsa tana ƙaiƙayi, tana cutar da huhu, tana kuma iya haɗa wuta a cikin garanda ko janareta.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya faru tsakanin Qatar Airways da Airbus. A ƙarshen 2020 aka kai wani A350 na Qatar garin Shannon na ƙasar Ayalan don a yi masa fentin gasar cin kofin duniya. Da aka cire tsohon fentin sai aka ga ɗaruruwan wuraren da suka lalace. A ƙarƙashin fentin waɗannan jirage akwai siririyar ragar tagulla da ke watsa wutar aradu, tunda kabon bai kai alminiyam ɗaukar wuta ba. Fentin ya tsattsage, ragar ta fito fili a wasu wurare. A watan Agusta na 2021 hukumar jiragen Qatar ta dakatar da jirage 13, daga baya adadin ya haura 20. A Disamba kamfanin Qatar Airways ya shigar da ƙara a babbar kotun Landan yana neman diyyar sama da dala miliyan 600. Airbus ta amince akwai matsalar inganci amma ta ce babu haɗari, hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai ta goyi bayanta, Airbus kuma ta soke cinikin jiragen A321neo guda 50 da Qatar ta yi oda. Bayanin da aka bayar shi ne kabon da tagulla da fenti kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa tsakanin zafin filin jirgi da sanyin sararin sama. Sai ranar 1 ga Fabrairu 2023 aka sasanta. Boeing ma ta sha nata: fenti ya riƙa saɓulewa daga fikafikan 787 saboda hasken rana yana ratsa farin fentin ya lalata abin da ke ƙasa, har a 2022 ta nemi izinin saka baƙin shafi tsakanin furaima da farin. Waɗannan kamfanoni ne masu ɗakunan gwaji da dubban injiniyoyi, kuma abin da ya ɗaure musu kai shi ne dai riƙon da ke tsakanin shafi da shafi.

Ta hanyar da nake ganin kabon na gaske zai shigo garejinmu ita ce tukunyar gas. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya take tura masu motoci su koma iskar gas ta CNG. Tukwanen iri huɗu ne: na ƙarfe zalla, waɗanda su suka fi yawa a nan saboda araha, na ƙarfe da aka naɗe wa ciki da zare, da na alminiyam ko roba da aka naɗe gaba ɗaya, sau da yawa da zaren kabon. Matsin da ke ciki yana kai ma'aunin bar 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. A irin na ƙarshen nan, naɗin shi ne ƙarfin tukunyar. Ranar da irin wannan mota za ta shigo gareji a Rano, mai ita ya ce, “Oga, a haɗa har da tukunyar a fesa,” amsar da ta dace ita ce a'a. Ba a goge ta, ba a ƙarce ta, ba a kusantar da wutar walda ko ruwan batir gare ta, ba a rufe takardar da ke jikinta ko wani rauni da fenti. In ta sami tabo, wurin masu lasisin duba ta za a kai. Wannan bayani ya kamata ya riga tukwanen isowa.

Yaron da ke riƙe da bindiga

A kusan kowane gareji, wanda ke cikin hayaƙin feshin ba maigidan ba ne, yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a ne. Kariyarsa hankici ko takunkumin asibiti, waɗanda ƙura kawai suke ragewa, tururin tina yana wucewa abinsa. In an gama ya wanke hannu da fetur, a saya masa madara, wai tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba huhu ba. Ifoksi da hadinarta suna sa fata ta tsani su. Wanda jikinsa ya kamu, ko ɗan ɗigo ya taɓa shi sai hannu ya yi ƙuraje ya tsattsage, kuma abin ba ya barin mutum. Hadinar fentin sama mai gwangwani biyu ta fi haɗari, don tana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma. Wanda kuma ya kankare ƙarfe da yashin rafi yana shaƙar ƙurar da ke daskarar da huhu, cutar da ba ta da magani. Safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi mai gwangwanin gawayi da ake canzawa, tabarau, sabulu da ruwa, da tsayawa ta inda iska ke fitowa: kuɗinsu bai kai na jinyar wata ɗaya ba. Maigidan da aka damƙa wa ɗan mutane amana ce a hannunsa, kuma wannan yana cikin amanar.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne tushen komai. Ifoksi ta fi jan fenti tsada nesa ba kusa ba, yawancinta ko kayan haɗinta daga waje suke zuwa, faɗuwar naira kuma ta ƙara mata. A Rano ko Kibiya ba kowane shago yake ajiye ta ba, sai an aika Kano. Sau da yawa a manyan gwangwanaye take zuwa, alhali mai walda ƙyaure ɗaya zai yi. Mai aiki kuma ya zo yana cewa, “Malam, rage mini, wancan ya ce zai yi a ƙasa da haka.” Mai sana'a ba zai rage ƙarfe a gabansa ba, ba zai rage kala ba, sai ya rage abin da ba a gani. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan tana yin adon, na wata shida. Ban ɗora laifin a kan mai sana'a shi kaɗai ba. Wanda ya matse farashi har ya kai ƙashi, shi ma da hannunsa a ciki.

Akwai abubuwan da ba sai an jira gwamnati ba. Mai walda ko mai fenti ya riƙa faɗin farashi biyu a fili, na jan fenti da na ifoksi, ya bayyana bambancin, mai aiki ya zaɓa da saninsa. Wanda ya biya na ifoksi ya zo ya ga aikinsa ranar da aka shafa ta, kafin a rufe, ko a ɗaukar masa hoto a waya tare da gwangwanayen biyu. Masu walda uku ko huɗu na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi babbar gwangwani, kowa ya auni abin da zai haɗa a ranar, tunda in ba a gauraya ba tana daɗewa a rufe cikin inuwa. Ƙungiyoyin masu sana'a na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya za su iya neman dillalan Kano su kawo ƙananan gwangwanaye da takardar bayani da Hausa, mai nuna awo da lokaci a irin zafinmu. Kwamitocin masallatai da makarantu da ke ba da aikin tanki ko ƙyaure su rubuta irin furaimar da suke so a cikin yarjejeniya. Wanda kuma yake shakkar duk wannan, ya yanki ɓallen faranti biyu, ya shirya ɗaya yadda ya saba, ɗaya yadda aka bayyana a nan, ya ja wa kowanne layi da ƙusa har ya taɓa ƙarfe, ya rataye su a bayan shago daga watan Mayu, ya sauko da su a Oktoba ya nuna wa yaransa da masu kawo masa aiki.